Manhajata kyauta ce, yaya zan samu abin riƙe aikin ba tare da na rufe ta ba?

Tambaya: Na rubuta manhajar lissafin kaya da ciniki, na sake ta kyauta da buɗaɗɗen tushe, wato kowa na iya ganin rubutun da aka gina ta da shi, a ƙarƙashin lasisin GPL mai ba kowa izinin gyara ta da raba ta. Kantunan magani da wasu ƙananan asibitoci sun kama aiki da ita, saƙonnin neman gyara sun yi mini yawa, ga kuma aikin da nake ci da shi. Ba na son in rufe ta. In buɗe hanyar karɓar gudummawa ne, ko in fara karɓar kuɗin kulawa da gyara? Kuma yaya ake tsara abin?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi duka biyun, sai dai kada ka jingina da su daidai wa daida. Masu aiki da manhajarka 'yan kasuwa ne da asibitoci, mutanen da cinikinsu ke tsayawa cik idan ta tsaya. Irin waɗannan yarjejeniya ake ƙullawa da su, ba roƙo ake kai musu ba. Gudummawa tana da nata gurbin, zan zo kanta, amma duk wanda ya ajiye aikinsa ya dogara da ita kaɗai ya ɗauki kasada babba.

Bari mu fara kawar da shakkar lasisi, don da yawa suna zaton GPL ta haramta karɓar kuɗi. Ba ta haramta ba. Sashe na 4 na siga ta 3 ya ba ka damar sa farashin da ka ga dama a kan kwafin da ka bayar, ya kuma ambaci sayar da kulawa ko garanti ƙarara. Abin da ta hana shi ne ka ɓoye tushen manhajar ga wanda ka ba shi ita, ko ka hana shi gyarawa da rabawa. Sannan ka gangara sashe na 15 da na 16. A can aka ce manhajar ba ta da garanti ko kaɗan, kuma idan ta jawo asara babu ruwan marubucinta. Mai kantin da lissafin kayan miliyoyin naira ke cikin rumbun bayananta ba zai yi barci mai daɗi da wannan sharaɗi ba. Nan kasuwarka take. Manhajar ya riga ya same ta. Abin da ya rasa shi ne tabbacin cewa ranar da ta ƙi tashi akwai wanda ya san cikinta da zai amsa masa cikin lokacin da aka rubuta.

Wannan sana'a ta tsufa. Tun 1989 kamfanin Cygnus a Amurka ya fara cin abinci da kula da kayan aikin GNU, wasu manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, kafin Red Hat, kamfanin da ke sayar da kulawa a kan babbar manhajar kwamfuta ta Linux, ta saye shi bayan shekara goma. Ita Red Hat kuɗin shigarta ya haye dala biliyan 1 a shekara a 2012, IBM kuma ta saye ta a kan dala biliyan 34 a 2019. Abin da bankuna da hukumomi ke biyan ta a kai shi ne facin tsaro, wato gyaran da ke toshe kafar masu kutse, na tsawon shekara 10 a kan siga guda, da wanda za a kira idan abu ya ɓaci. Amma kada girmanta ya ruɗe ka, misalan da suka fi kusa da kai ƙanana ne. SQLite, rumbun bayanan da ke cikin kusan kowace wayar zamani, mutane 'yan kaɗan ne ke riƙe da ita, kuma kowa na iya ɗaukarta ba tare da neman izini ba. Duk da haka kamfanin marubucinta, Richard Hipp, yana sayar da kulawa hawa-hawa, har da takardar shaidar mallaka ga kamfanonin da lauyoyinsu ba sa yarda a yi aiki da abu sai da takarda a hannu. Shi ma Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin, mai curl, manhajar aikawa da ɗauko bayanai ta intanet, tun 2019 yake aiki a kanta cikakken lokaci, kuma kwangilolin kulawa da ake sayarwa ta hannun kamfanin wolfSSL ne ke biyan albashinsa.

Yanzu dubi ɓangaren gudummawa. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke tsare sirrin haɗinsu da ita. Sai a lokacin duniya ta ji cewa gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya tak ke kanta cikakken lokaci. Lamarin tamkar famfon burtsatsen unguwa ne: kowa na ɗiba safe da yamma, kowa kuma ya ɗauka wani ne ke biyan mai gyara. GnuPG, manhajar ɓoye sirrin saƙonni, ta fi koyar da darasi. A Fabrairun 2015 rahoton kafar labarai ta ProPublica ya bayyana cewa Werner Koch, Bajamushen da ya rubuta ta, kuɗi sun ƙare masa. Cikin kwana guda aka tura masa fiye da Yuro 100,000, Facebook da Stripe kowanne ya yi alkawarin dala 50,000 a shekara. An ceto aikin a lokacin, amma ba wannan ne ya tsayar da shi da ƙafafunsa ba. A farkon 2022 ya sanar cewa sayar wa hukumomin Jamus siga mai kulawa ya wadatar da aikin, har ya nemi masu ba da gudummawa su karkata ta ga wasu ayyukan da suka fi buƙata. Haka gudummawa take, tana zuwa da ƙarfi bayan labari ya bazu, sannan ta ja baya a hankali, shi kuwa aikin gyara ba ya ja da baya.

Akwai inda take ci, kada a yi mata rashin adalci. A 2002 masoya Blender, manhajar zane mai motsi, sun tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai suka fanshi tushenta aka sake shi a ƙarƙashin GPL. Thunderbird, manhajar imel, ta tara fiye da dala miliyan 6 a 2022, kusan dukansu daga ɗaiɗaikun mutane. KDE, ƙungiyar da ke gina fuskar allon kwamfuta ta Linux, ta sa sanarwar neman gudummawa da ke fitowa sau ɗaya a shekara a kan allon mai amfani, ta fara a Disambar 2024, kuɗin da ya shigo ya tashi sosai. Abin da ya haɗa su: masu amfani da su suna da yawan gaske, suna ganin manhajar da idonsu kullum, kuma roƙon yana iske su a cikin manhajar ne, ba a wani shafi da ba wanda ke leƙawa ba. Kai ba ka da wannan yawan. Ɗauki misali kawai, a ce kantuna 400 ke aiki da taka. Idan 2 cikin 100 suka ba da naira 2,000 a wata, ka tashi da naira 16,000, kuɗin data ke nan. Idan kuwa 20 daga cikin 400 ɗin suka sa hannu a kwangilar naira 25,000 a wata, naira 500,000 ke nan. Sa naka alƙaluman a wannan lissafi, za ka ga tazarar ba ta gushewa.

Akwai kuma wani dalili da masu rubuta manhaja ba su cika lura da shi ba. Akantan asibiti ba shi da gurbin rubuta kyautar da aka yi wa wani mutum a intanet, kuma idan mai binciken kuɗi ya zo ba shi da abin da zai nuna masa. Amma yana da gurbin kula da na'urori da manhaja. Sau da yawa wanda ya ƙi ba ka gudummawar naira 5,000 zai biya ninkin-ba-ninkinta ba gardama muddin ka miƙa masa takardar neman biya mai sunan kasuwanci, da lambar haraji, da asusun banki na kasuwancin. Don haka matakin farko shi ne rajista. A Najeriya hukumar CAC ce, ko dai sunan kasuwanci ko kamfani mai iyakantaccen alhaki. Na biyun ya fi dacewa da wanda ke taɓa bayanan asibiti, saboda yana raba dukiyarka da bashin kasuwancin.

Kwangilar kanta ita ce inda ake ci ko a faɗi, don haka zan daɗe a nan.

Abu na farko iyaka. Rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa: girkawa, sabuntawa zuwa sabuwar siga, gyaran kuskuren da ke cikin manhajar, dawo da bayanai daga kwafin ajiya, amsa tambayoyin yadda ake aiki da ita. Sannan ka rubuta abin da bai ƙunsa ba, ka ambace su ɗaya bayan ɗaya: firintar rasit da ta ƙi bugawa, kwamfutar da ƙwayar cuta ta kama, intanet da ya ɗauke, horar da sabon yaron kanti, shigar da sunayen magunguna, ƙara sabon abu da babu shi a manhajar. Idan ba ka rubuta ba, cikin wata biyu za ka zama mai gyaran duk abin da ke da waya a kantin, a kan kuɗi ɗaya.

Na biyu, ka raba matsaloli hawa uku. Hawa na ɗaya shi ne ciniki ya tsaya gaba ɗaya ko bayanai suna salwanta, wannan ka yi alkawarin amsawa cikin awa 4 na lokacin aiki. Na biyu, wani sashe ya lalace amma ana iya kewaye shi, kamar rahoton ƙarshen wata ya ƙi fita, wannan kwana ɗaya. Na uku tambaya ce ko ƙaramin kuskure, kwana uku. Ka rubuta ma'anar kowane hawa da misali, don a wurin mai kanti kowace matsala ta gaggawa ce. Kuma ka kula da wannan sosai: lokacin amsawa za ka yi alkawarinsa, ba lokacin gama gyara ba. Kana da iko da sa'ar da za ka zauna ka fara duba matsala. Ba ka da iko da tsawon lokacin da za ta ɗauka, wani kuskuren minti goma ne, wani sai ka kwana uku kana neman inda yake.

Sai awannin aiki. Kantin magani yana kaiwa dare, asibiti ba ya rufewa, don haka za a matsa maka ka ce kana nan dare da rana. Kada ka ce. Mako yana da awa 168, mutum ɗaya yana aikin 40. Cike wannan gurbi yana buƙatar fiye da mutum huɗu, idan ka sa hutu da rashin lafiya biyar ke nan. Kai kaɗai ne, ga wani aiki a kanka. Rubuta awannin da za ka iya riƙewa ko da a makon da ya fi kowane cunkoso, ka faɗi matsayin ranakun Sallah da sauran hutu. Abin da za ka yi wa dare shi ne takarda mai shafi guda a manne kusa da kwamfuta, tana bayanin yadda za a ci gaba da ciniki a littafi har gari ya waye, da yadda za a shigar da shi daga baya. Ita ma manhajar ka gina mata hanyar shigar da cinikin da aka yi a baya da kwanan watansa.

Ƙofar shigowar ƙorafi ta zama ɗaya, adireshin imel ko manhajar tikiti mai rajistar ƙorafe-ƙorafe, kowane ƙorafi da lambarsa da lokacin da ya shigo. Kowane abokin ciniki ya ba da sunayen mutum biyu da ke da izinin kawo ƙorafi. Na san a nan WhatsApp ne kowa zai nufa, kuma ba za ka iya hana shi baki ɗaya ba. Abin yi shi ne layi daban na kasuwanci, kuma duk saƙon da ya shigo ka mayar da shi tikiti nan take ka tura wa mai shi lambar. Saƙon murya na minti huɗu da aka turo ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba ya ƙirguwa, ba ya bincikuwa, kuma ranar da gardama ta tashi kan ko ka cika alkawarin awa 4, ba ka da hujja.

Kwafin ajiya ya cancanci sakin layi nasa a kwangilar, don a nan rigima mafi zafi ke tashi. Ga yadda take faruwa. An ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta ciniki, batirin da ke riƙe kwamfutar ya daɗe da mutuwa, rumbun bayanai ya lalace. Ka nemi kwafi, sai a tarar na ƙarshe na wata biyu da suka wuce ne, ko kuma yana kan faifan da ya mutu tare da na asalin. Wa ke da laifi? Idan kwangila ba ta faɗa ba, kai za a ɗora wa. Don haka ka rubuta wanda ke da alhakin yin kwafi, sau nawa, da inda ake ajiye shi. Mafi ƙaranci kwafi ɗaya kullum da manhajar ke yi da kanta, a ajiye a wuri biyu, ɗaya a wajen kantin. Duk bayan wata uku ka ɗauki kwafi ɗaya ka dawo da shi a wata kwamfuta ka ga ko ya buɗe, saboda kwafin da ba a taɓa gwadawa ba yakan ba da kunya ranar buƙata. Da yake bayanan marasa lafiya ne, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka. Ka rubuta cewa ba ka shiga na'urarsu sai da izini a kowane karo, kuma ba ka ajiye bayanansu a kwamfutarka bayan an gama gyara.

Ragowar sharuɗɗan gajeru ne amma kada ka bar ko ɗaya. Sigogin da kake kula da su, ta yanzu da wadda ta gabace ta, wanda ya ƙi sabuntawa ya fita daga alkawari. Iyakar awanni, misali awa 5 a wata, waɗanda ba a yi amfani da su ba ba sa taruwa, abin da ya haura kuma a biya da awa. Iyakar diyya, kada ta wuce jimillar abin da suka biya ka a wata 12 da suka gabata. Biya kafin aiki, na wata uku ko na shekara, da damar duba farashi a kowace sabuntawa, tunda kowa ya ga yadda darajar naira ke sauyawa. Sai sharaɗin da ke kare buɗaɗɗen tushen kansa: duk gyaran da aka yi wa abokin ciniki yana shiga manhajar kowa da kowa, a ƙarƙashin lasisin nan dai.

Wannan na ƙarshen za a gwada ka a kansa. Wani babban asibiti zai ce a yi masa sigarsa ta daban, zai biya da kyau. Idan ka amince wa mutum huɗu, kana riƙe da manhaja biyar ke nan, kowane facin tsaro sai ka yi shi sau biyar ka gwada sau biyar. Mafita ita ce buƙatar kowa ta shiga tushe guda a matsayin zaɓi da ake kunnawa ko kashewa. Kuma idan za ka sa wa sabon abu farashi, ka tuna rubuta shi ne ƙaramin aikin, riƙe shi shekara da shekaru ne babban, ka sa kuɗin hakan a ciki.

Wajen farashi, fara daga abin da kake buƙata a wata: abin da zai riƙe gidanka, kuɗin saba (kwamfutar da ke ɗauke da aikinka a intanet), data, mai ko sola, haraji, da ɗan ajiya. Cikakken aiki awa 160 ne a wata, amma kada ka sayar da fiye da 80. Sauran rabin na manhajar ce da kanta, gyara, gwaji, rubuta bayani, duba abin da masu taimako suka turo. Wanda ya sayar da duk lokacinsa ga kulawa, bayan shekara zai tarar manhajar ta tsaya wuri ɗaya, abin da ake biyansa dominsa ya fara tsufa. Raba buƙatarka da 80, shi ne mafi ƙarancin kuɗin awarka. Ka yi hawa biyu ko uku, na kanti guda, na mai rassa, na asibiti. Kuma ka sa ido kada abokin ciniki ɗaya ya haura kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarka, don daga nan shi ne zai riƙa juya alkiblar manhajar, ranar da ya tafi kuma ya tafi da albashinka.

Akwai wani tarko a cikin wannan sana'a da ya kamata a faɗe shi a fili. Iya kyawun manhajarka, iya ƙarancin buƙatar a kira ka. Mai kantin da ya shekara bai ga matsala ba zai ce me yake biya. Wasu sukan faɗa cikin jarabar barin girkawa da wahala ko bayani a dunƙule don a ci gaba da nemansu. Wannan cin amana ne, kuma yana korar sababbin masu amfani, waɗanda daga cikinsu ne masu biya ke fitowa. Maganinsa shi ne kwangilar ta ƙunshi aikin da ake gani ko ba matsala: sabuntawa a kan lokaci, gwajin kwafin ajiya, da ɗan rahoto duk wata uku mai nuna abin da aka yi. Mafi ƙarfi kuma shi ne ka riƙe musu manhajar a kan sabarka su biya wata-wata, su huta da girkawa da kwafi. Haka ODK ke yi, manhajar tattara bayanai da waya da ma'aikatan lafiya a ƙasashen Afirka suka sani: tushenta a buɗe yake, kuɗin ODK Cloud ne ke ɗaukar nauyin masu gina ta. Sai dai inda intanet ke yawan ɗaukewa, dole manhajar ta iya ciniki ba tare da shi ba, ta aika daga baya.

Ka kuma sani GPL ta ba kowa damar sayar da kulawa a kan manhajarka. A 2006 Oracle ta fito da nata Linux da aka gina daga tushen Red Hat, tana tallan kulawa a farashi mai rahusa sosai, Red Hat kuma ba ta rushe ba, domin mutane sun fi natsuwa da wanda ke rubuta facin da hannunsa. Abin da lasisi bai raba wa kowa ba shi ne suna da tambari. Yi musu rajistar alamar kasuwanci da wuri. Daga nan masu girka wa kantuna a wasu garuruwa za su iya zama abokan hulɗarka maimakon kishiyoyi, kamar yadda Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, ke yi: kamfanonin da ta amince su yi aiki da sunanta suna mayar mata da wani kaso na cinikinsu. Idan wata rana zuciya ta raya maka ka sauya lasisi don ka toshe masu gasa, ka tuna kamfanin HashiCorp ya yi haka a 2023, wasu suka ɗauki tsohon tushen suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu, kamfanin Redis ya yi a 2024 aka ɓalle masa haka da Valkey. Ga shi kuma idan wasu sun taɓa sa hannu a tushenka, ba ka da ikon sauya lasisin nasu rubutun sai da yardarsu.

To, gudummawar fa? Buɗe ta, ba ta cin komai. Idan tushenka yana GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye tushe, fayil mai suna FUNDING.yml a cikin jakar .github zai fito da maɓallin tallafi a saman shafin. GitHub Sponsors, da aka buɗe a 2019, ba ta cire komai daga abin da ɗaiɗaikun mutane suka bayar, na kamfanoni ne take cire har kashi 6 cikin 100. Kafin ka yi shela, duba jerin ƙasashen da take biya ka tabbata kuɗin zai iso asusunka. Open Collective tana nuna wa kowa shige da ficen kowane kwabo, kuma ƙungiyar Open Source Collective tana riƙe kuɗi a madadin aikin da ba shi da rajista, ta ɗauki kashi 10 cikin 100. Chakra UI, kayan gina shafukan intanet na Segun Adebayo, ɗan Najeriya, yana cikin ayyukan da suka bi ta nan. Ga masu bayarwa na gida, Paystack ko Flutterwave ko tura kuɗi kai tsaye ta banki sun fi sauƙi.

Ka lura da kuɗin da ake yanka a kowane biya. A inda ake cire kashi 2.9 cikin 100 da santi 30, kamar yadda aka saba da katin banki a Amurka, gudummawar dala 1 tana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku. Dala 5 a wata har shekara ana yanke mata dala 5.34, amma dala 60 a dunƙule dala 2.04 kawai. Don haka ka ba da zaɓin biyan shekara. Biyan wata-wata kuma yana zubewa da kansa idan kati ya ƙare aiki, sai ka riƙa tunatarwa. Faɗi abin da kuɗin zai yi da adadinsa, kuɗin saba na shekara, ko fassara manhajar zuwa Faransanci don kantunan Nijar, sannan ka fitar da lissafi a kai a kai.

Babban abin kiyayewa shi ne kada jakunkunan biyu, ta gudummawa da ta kwangila, su haɗu. Da zarar ka ce wanda ya ba da kaza za a fara duba matsalarsa, ciniki ka yi, kuma hukumar haraji haka za ta ɗauke shi. Krita, manhajar zane, ta ɗanɗana wannan a 2017. Gidauniyarta a ƙasar Holan tana karɓar gudummawa tana kuma sayar da bidiyon koyarwa da littattafai, hukumar haraji ta duba yadda aka cakuɗa su ta ɗora mata bashin da ya kai kimanin Yuro 15,000, sai da wani kamfani ya kawo ɗauki. Zauna da akanta tun kafin kuɗin farko ya shigo, ya faɗa maka matsayinka game da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 a Najeriya tun 2020, kuma asusun gudummawa ya zama daban. Idan akwai masu taimaka maka kyauta, ku rubuta ƙa'idar rabo tun babu abin rabawa. A 2006 wani shiri mai suna Dunc-Tank ya tara kuɗi don biyan mutum biyu da ke jagorantar fitar da sabuwar sigar Debian, wani nau'in Linux, wasu 'yan sa-kai suka ji an fifita wasu a kansu, suka rage himma. Biya a kan aikin da aka fayyace kuma aka sanar ya fi zaman lafiya.

Su kuwa waɗanda ba sa biya, kada ka wulaƙanta su, su ne ke gano maka kurakurai suna yaɗa sunan manhajar. Ka ba su zaure na kowa da kowa inda ake tambaya a fili, amsa ɗaya ta amfani mutum ɗari, ka rubuta a sarari cewa a nan babu alkawarin lokaci. Facin tsaro kuwa kowa ya same shi rana ɗaya, mai biya da marar biya, tunda bayanan marasa lafiya ne a ciki.

Kuɗin farko da ya yi saura, mutum na biyu za ka nema da shi. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya gano an dasa ƙofar sirri a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Mai riƙe da ita mutum ɗaya ne, ba a biyansa, ya gaji, ana ta matsa masa ya ba wani dama. Wanda ya samu damar ya shafe kimanin shekara biyu yana gina amana kafin ya yi ɓarnar. Don haka mataimakinka ya zama wanda ka sani ido da ido, kana biyansa, ya fara da amsa tikitin hawa na uku, ikon fitar da sabuwar siga kuma ya zo daga baya, bayan kowane canji ya bi ta idon mutum biyu. Kalmomin sirrin saba, da makullin sa hannu a kan siga, da rajistar adireshin shafin, a ajiye su inda amintacce ɗaya zai iya kaiwa gare su idan ka kwanta ciwo. Ka kuma sa a kwangilar cewa idan ka kasa ci gaba za ka ba da sanarwar kwana 60, ka mayar da kuɗin watannin da suka rage, ka miƙa wa kowane kanti bayanansa a fayil ɗin da wata manhajar za ta iya buɗewa.